Furen Azurfa a Ƙasar da Ba a Fasa Komai

Da sunan Wanda ya ɓoye zaƙi a cikin ƙwaro, ya ɓoye azurfa a cikin dutse, ya ɓoye tsoro a ƙirjin mai rai. Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ce Hansai mai kaki ta Tudun Zubi, zan ba ku labarin abin da ya same mu a ƙasar Lallaɓa, wadda ke bayan tafkuna masu ɗaci. Ba ji na yi ba, gani na yi.

Ni da maigidana sana'a ɗaya muka raba biyu. Sunansa ba na bakina ba ne, amma a kasuwa Maizubi ake ce masa. Ni nake sassaƙa kakin zuma in fitar da siffar abin da mai saye yake so: zobe mai ganyen tsamiya, 'yan kunne masu furen tumfafiya, abin wuya da mazari ya sauka a kai. In na gama sai mu lulluɓe kakin da yumɓu, mu bar masa baki, mu gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Daga nan aiki ya koma hannunsa. Shi zai narka azurfa ya zuba a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun, abin ya fito. A lokacin ni ban taɓa zubi ba. Narkakken ƙarfe tsoro yake ba ni tun ina yarinya, in ya ɗauko tukunyar daga wuta har bayan ƙofa nake komawa, shi kuma ya yi ta yi mini dariya.

Abin da ya fitar da mu daga gida shi ne furannin garinmu sun ƙare mini. Babu ganye ko fure ko ƙwaro da ban sassaƙa ba, har matan gari suka fara cewa kayan Hansai duk kamarsu ɗaya. Maganar ta tsaya mini a rai. Ana nan sai wasu fatake suka ba mu labarin wata bishiya a Lallaɓa mai suna Gwaramma, wadda ke fitar da fure ɗaya tak a zamanin mutum, suka ce kuma yanzu haka ta fitar. Maigida mutum ne mai sanyin hali. Ya dube ni, ya ga yadda idona ya tsaya, ya je ya ɗaura wa jaki kaya: azurfa, gawayi, zuga-zugi, awartaki da 'yar tukunyar narki.

Mun sha hanya. Mun ratsa wani kwari mai zafin tanda, a nan kakin da na ɗauko ya narke ya tsiyaye ta ƙasan buhu, ban ankara ba sai da na ga jaki yana lasar ƙafarsa. Mun haye tafkuna masu ɗaci a bayan wata irin kififiya mai girman rumbu, wadda ba ta motsawa sai ana yi mata waƙa. Maigida kuwa Allah bai ba shi murya ba, yana fara rerawa tamu ta tsaya cak a tsakiyar ruwa tana neman nutsewa, sai da na karɓi waƙar sannan ta kai mu gaci.

Abin da ya fara damuna a Lallaɓa shi ne shirun garin. Ba ka jin daka, ba ka jin faskare. Mutanen ba sa fasa komai, ba sa karya komai. Ƙwai ba sa cinsa. Goro ɗungum suke sa shi a baki su yi ta tsotsa. Hatsi jiƙa shi suke yi har ya saki, itacen girki kuma sai wanda ya faɗo da kansa, a tura shi wuta yadda ya zo. Tafiyarsu ma a hankali take, kowa yana kallon inda zai sa ƙafa. Na raɗa wa maigida cewa garin nan ko mako ba zan yi ba zan haukace, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru.

Wata tsohuwa ce ta sauke mu, ana ce mata Iya Maɗoriya. Ita ce babbar garin, aikinta kuma gyara: duk abin da ya tsage ita ake kai wa, ta shafe shi har ba a gane wurin. Kullum da ɗan curin yumɓu a hannunta, tana magana da kai idonta na bin bango yana neman tsaga. Ita ta kai mu gindin Gwaramma da hantsi.

Bishiyar ta cika ido, amma abin da na fara lura da shi wasu ƙananan itatuwa ne da ke kewaye da ita, kowanne tsayin mutum, kowanne da rassa biyu. Ban ji daɗin ganinsu ba, sai dai furen ya mantar da ni. Yana rataye a wani reshe da ya sunkuyo ƙasa, fari sol, da siraran jijiyoyi shuɗɗa, kunnuwansa sun lanƙwashe baya a hankali. Na durƙusa ina leƙen ƙasansa, don mai sassaƙa ba gaban abu kawai yake kallo ba. Sai wani zirnaƙo ya sauka a wuyana. Ni ban ma ji ba, maigida ne ya gani. Ya cire hula ya kai masa duka, zirnaƙon ya tashi, gefen hular ya shafi reshen. Ƙaras. Ƙaramar ƙara ce, a garinmu ko kaza ba za ta ɗaga kai ba, amma a nan duk wanda ke wurin sai da ya toshe kunne. Furen ya faɗo kan cinyata.

"Hansai," in ji maigida, "ƙafata ta kama ƙasa."

"To ɗaga ta mana."

"Ita nake ɗagawa."

Na duba, sai na ga yatsun ƙafarsa sun yi tsawo sun nutse cikin ƙasa, fatar sawunsa ta koma ɓawon itace. Na kama ƙugunsa na ja, na ja har ya yi ƙara. Iya ta riƙe hannuna, hawaye na zuba a fuskarta.

"Bari, 'yata, kada ki karya shi ke ma ta kama ki. Ba mu ne muke hukunci ba, bishiyar ce. Saiwarta ta mamaye ƙasar nan duka, duk wanda ya fasa ko ya karya wani abu a kanta sai ta riƙe shi. Kin ga waɗannan ƙananan? Duk mutane ne. Itacen zai yi ta hawa jikinsa, in ya rufe maƙogwaro shi ke nan."

"Babu magani, Iya?"

"Sai an mayar mata da abin yadda yake. In tulu ne nakan ɗora shi in ceci mai shi. Amma fure?" Ta ɗauke shi ta kanga a bakin reshen ta ɗaure da zare, reshen bai karɓa ba. "Kin gani, ya fara yaushi. Ba ta karɓar matacce."

Ni kuwa bakina bai mutu ba. Na ce, "In an kawo mata irinsa sak, wanda ba ya yaushi fa?" Ta ce ba a taɓa yi ba, don haka ba ta sani ba. Na ce, "Narka abu laifi ne a nan?" Ta ce ai man shanu kullum narka shi suke yi. Na dubi maigida, ya dube ni, muka fahimci juna. Sai dai ba ni da kaki ko na shafa leɓe.

A Lallaɓa ba a sayar da kaki, don ba mai fasa saƙar zuma. Iya ta nuna mini hanyar Dutsen Zuma, inda suke ajiye ƙoruna su tari abin da ya ɗigo. Ta ce ƙudan zuman wurin kowanne ya kai kurciya, harbi ɗaya ke kwantar da bijimin sa. Na ɗauki kasko da garwashi, da ludayin tagulla, da busasshen kashin jakinmu da na tara don kwaɓin yumɓu, na kama hanya ina waiwaye. Lokacin itace ya wuce idon sawun maigida.

Dutsen ya tsaya tsaye kamar bango, saƙar zuma ta rufe samansa. Tsohon kakin da rana ta narkar shekara da shekaru ya gangaro ya daskare a gindin dutsen, rawaya, mai kauri. Da a gida ne da na sa wuƙa na ɓalli abin da ya ishe ni. A nan sai na ɗumama ludayi a garwashi ina kwalfa kaɗan-kaɗan ina zubawa a ƙwarya. Abin da ban yi tunani ba shi ne ƙamshi. Ɗumin kakin ya tashi sama, sai na ji dutsen ya fara gurnani, na ɗaga kai na ga rana ta dushe. Ƙudan zuman ne suke saukowa. Ƙafafuna suka ƙi gudu, hannuna ne ya yi mini hankali, ya kwashi kashin jakin ya watsa a garwashi. Hayaƙi ya turnuƙe, na tsuguna a tsakiyarsa ina tari ina kiran sunan Allah. Suka yi ta kewaya ni har suka yi laushi, suka koma sama, ban da guda ɗaya da hayaƙin ya bugar, ya sauka daram a kan kallabina.

Ku yi tunanin halin da na shiga. In na buge shi ya fashe, ƙasa ta kama ni a nan, maigida ya zama itace a can. In na bar shi ya farfaɗo ya harbe ni, duk ɗaya ne. Na ɗauki ƙwaryar kaki na miƙe kamar mai ɗauke da tulu cike, na taho ina jin nauyinsa a kaina, ina jin ƙafafunsa suna motsi a cikin gashina. Sai da na hango rufin garin sannan ya karkaɗe fikafikai ya tashi. Na zauna a bakin hanya na yi kuka kaɗan, na share ido na ci gaba.

Na tarar itace ya kai wa maigida gwiwa. Na shimfiɗa zane a gabansa, na sa furen a ƙwaryar ruwa don ya jinkirta yaushi, na fara aiki. Nan ma dokar garin ta ɗaure mini hannu. Ba damar in yanki kaki da sanyinsa, sai dai in ɗumama allura in riƙa lallashinsa yana narkewa yana bin inda nake so. Aikin da na saba gamawa a zama ɗaya ya ɗauke ni kwanaki. Maigida ne ke ɗumama mini allurai a kasko yana miƙo mini.

"Hannunki na rawa, Hansai."

"Ka kula da ƙafarka, ka bar mini hannuna."

Ya yi dariya, ni kuwa na ji kamar in ciji harshena. Tsoro ne ke sa ni faɗa, ya kuma sani. Kowace safiya kafin in taɓa kaki sai na duba inda ɓawon ya kai, in ce masa bai motsa ba, shi kuma ya ce haka yake gani. Mu duka ƙarya muke yi wa juna.

Na fitar da kunnuwan furen siri-siri har haske na ratsa su, na zana jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da azurfa za ta bi ta shiga, wadda a gida mukan yanke bayan zubi, sai na mai da ita karan furen, don kada a sami abin yankewa. A bakin kowane kunne kuma na liƙa siririn zaren kaki da zai leƙo waje. Mu muna ce masa hanci. In kaki ya narke yakan bar ɗan rami, ta nan iska ke fita in azurfa ta shigo. In babu hanci iska takan tsaya a ciki ta hana azurfa cika wurin. Na kwaɓa yumɓu da toka da jiƙaƙƙen kashin jaki, na shafa mai ruwa-ruwa da gashin kaza, ya sha iska, na ƙara mai kauri, na bar bakin kowane hanci a buɗe.

Iya tana tsaye tana kallo. Can ta ce, "'Yata, na ga kin rufe shi ruf. To ta ina furen zai fito?"

Na ce, "Ai fasa yumɓun ake yi."

Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnena. Iya ta ja da baya tana salati. Na zauna daɓas. Duk tsawon kwanakin nan hankalina na kan kaki, na manta ƙarshen aikinmu fashi ne.

"Zan fasa," na ce wa maigida. "In ta sake ka ta kama ni, sai ka san yadda za ka yi."

"Ba za ki fasa ba."

"Wa zai hana ni? Kai da ko taku ɗaya ba ka iyawa?"

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce in na fasa bai yafe ba. Kowannenmu na huci. Itace ya riga ya kai masa ƙugu. Can ya ce, "Ruwa. In yumɓu na da zafi aka tsoma shi a ruwan sanyi, da kansa yake tarwatsewa. Ba hannunki ba ne ya fasa." Na tambayi Iya ko bishiyar za ta yarda da wannan. Ta ce tulu kan fashe da kansa a rana ba a kama kowa ba, amma wanda aka tsoma da gangan, Allah ne masani. Maigida ya ƙara da cewa akwai lokacinsa: in na tsoma da wuri azurfar za ta tsage, in na makara yumɓun ba zai fashe ba.

Na ajiye yumɓun a inuwa ya ƙarasa bushewa, na tafi rafi ɗebo ruwa. Da na dawo na tarar da Iya zaune kusa da shi tana goge yatsunta, fuskarta cike da jin daɗi.

"Na taimake ki, 'yata. Na ga 'yan ramuka a jikinsa, na ce kada bishiya ta ga aibu. Duk na ɗore miki su."

Tulun ya kusa suɓuce mini. Na ɗauki yumɓun na juya shi, na sake juyawa. Sumul. Matar nan ta yi shekaru tana ceton rayuka da wannan hannun, rami a wurinta ciwo ne, ba ta iya ganinsa ta wuce. Na so in zage ta, zagin ya zo har bakina, amma na ga yadda murmushinta ke gushewa tana kallon fuskata, sai na haɗiye. Na ɗauki allura ina tsokanar inda ɗanyen yumɓu yake, ina samo hancin ɗaya bayan ɗaya. Na samo duka ban da guda. Na lalube, na shinshina, na kanga a rana, na sa harshe ina neman danshi. Iya ma ta nema tana kuka, ta kasa gane aikin hannunta.

"Sake wani zan yi," na ce.

"Dube ni, Hansai," in ji maigida.

Na dube shi. Ɓawon ya rufe haƙarƙarinsa, hannuwansa sun sandare a sama, numfashinsa ya koma gajere. Furen da ke ƙwarya kuma ya riga ya zama tsumma, ko na sami lokaci babu abin da zan kalla in kwaikwaya. Na ce Iya ta kama zuga-zugi.

Muka hura wuta a gabansa. Na kifa yumɓun a kan garwashi, kakin ya narke ya tsiyayo, aikin kwanakina ya zama hayaƙi a kan idona. Yanzu furen babu shi a bishiya, babu shi a ƙwarya, babu shi a kaki, sai wani gurbi a cikin yumɓu da ba mai iya gani. Na kafa yumɓun a yashi bakinsa sama. Azurfa ta narke a tukunya tana juyi tana walƙiya. Na kama awartaki, zafin ya doki fuskata.

"Ba zan iya ba, Maigida."

"Matso da ƙafar dama." Muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. "Kafa gwiwar hannu a cinya. Kada ki yi sauri, kada ki tsaya. Zubi ɗaya ne."

Na ɗauko tukunyar. Ban san nauyinta ya kai haka ba. Na karkata ta, farar wuta ta zubo siririya ta shige bakin yumɓun, na ji hancin suna huci ɗaya bayan ɗaya. Ina so in rufe ido, ina so in yar in gudu, amma na ci gaba har bakin ya cika ya tsaya jawur. Na ajiye tukunyar na ga gashin hannuna duk ya ƙone.

Saura ruwa. Na kama yumɓun da awartaki na tsaya a bakin kwatarniyar da na cika da ruwan rafi, ido ɗaya a kan jan azurfar, ido ɗaya a kan maigida. Ɓawon ya kai ƙashin wuyansa. Jan yana dushewa a hankali, ni kuwa ban san inda ake tsayawa ba, shi kaɗai ya sani. Na ce, "Yanzu?" Shiru. Na ce, "Maigida, yanzu?" Leɓensa ya motsa, babu sauti. Na matsa kusa har ina jin ƙamshin ɗanyen itace a numfashinsa. Ya kafa wa azurfar ido, ya daɗe. Sai ya lumshe ido da ƙarfi ya buɗe.

Na tsoma. Ruwa ya yi tsawa, tururi ya rufe ni, na ji yumɓun yana tarwatsewa a bakin awartaki. Mutanen gari da suka taru suka zube ƙasa suna toshe kunne. Na tsaya ban motsa ba, ina sauraron tafin ƙafata. Na ɗaga ta dama, ta ɗagu. Na ɗaga ta hagu, ta ɗagu.

Na sa hannu a ruwan na lalubo shi. Ya fito fari, da jijiyoyinsa, da lanƙwasarsa, har wani ɗan tabo da ke jikin na ainihin. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, ba kuma zan sake ba. Amma kunne ɗaya ya tsaya a rabi, bakinsa a dunƙule, inda iska ta tare hanya.

Iya ta karɓa, ta kanga karan a bakin reshen ta ɗaure. Sai muka ga ɓawon reshen ya motsa, ya miƙo, ya haɗiye karan azurfar. Maigida ya ja wani dogon numfashi ya yi tari. Itacen ya fara sauka: wuya, ƙirji, hannuwa suka saki, ƙugu, cinya, gwiwa. Ina dariya ina kuka ina bin sa da ido. Ƙafar dama ta fito da yatsunta cif. Ta hagu ta saki har ƙauri, ta zo idon sawu, ta tsaya.

Muka jira. Rana ta karkata, ba ta ƙara ko kaɗan ba.

"Gwargwadon abin da aka mayar mata ta mayar," in ji Iya, ta durƙusa a gabana. "Ni na jawo, 'yata. Ba ta karɓa sau biyu. Amma ba zai mutu ba. Za mu gina masa ɗaki a nan, mu ci da shi, mu sha da shi, har iyakar ransa."

Maigida ya ce in ɗauki jaki in koma gida, in ce wa dangi yana gaishe su. Na je na kwance sauran kayan jaki, na fara jera su a gindin bishiyar, ina auna inda ƙofa za ta kalla da inda zan sa murhu. Na ce wa Iya a yi ɗakin da faɗi, don ni ba na son ƙunci. Yana kallona. Ya san ni, ya san garin nan zai cinye ni da shirunsa, ya kuma san ba inda za ni.

"Hansai, ƙishi nake ji. Ba na wannan kwatarniyar ba, na rafi mai sanyi."

Na ɗauki tulu na tafi. Na kai rabin hanya sai na ji ta. Ƙara ce irin ta busasshen reshe a ƙarƙashin gatari, ta ratsa garin daga wannan gefe zuwa wancan. Na dire tulun na juyo da gudu.

Na same shi kwance a gefe, awartaki a hannunsa, gumi ya jiƙe rigarsa. Ya danne idon sawun da awartakin ne ya jefa jikinsa gefe. Sawun yana nan kafe a ƙasa, shi kuma yana nan ban da shi. Babu jini, sai wani farin ruwa mai danƙo da ke tsatsowa. Mutane sun yi cirko-cirko suna jiran ƙasa ta sake kama shi. Na faɗa kansa na rungume shi, na ce in za ta kama ta haɗa da ni. Muka jira, muka jira. Ganye bai motsa ba.

"Nasa ya karya," in ji Iya a hankali, "ya kuma bar mata." Ta yage gefen zanenta ta fara ɗaure dungulmin.

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce masa mahaukaci, na ce wa ya aike shi, na ce da ta sake kama shi fa, na ce ƙafa ce fa ba rake ba. Ina faɗa ina dukan ƙirjinsa, majina da hawaye sun haɗe mini. Ya bari na yi mai isata, sannan ya kama hannuna, wanda gashinsa ya ƙone, ya riƙe.

"Ɗora ni a kan jaki, Hansai. Ki ajiye sauran faɗan sai mun fita garin mutane."

Na ɗora shi, na ja akala, muka fito. Tun daga ranar ni nake zubi a gidan nan, shi yana zaune yana hura wuta, kuma har yanzu tukunyar tsoro take ba ni. Iyakar abin da na gani ke nan, na sauke muku shi yadda na ɗauko. In kun ji ƙwas-ƙwas a zaure, shi ne yake shigowa da ƙafar da na sassaƙa masa. Ku matsa masa hanya, amma kada wanda ya kama shi, ba ya so.